Ranar Gwajin Na'ura

Mai Ido ta ɗaga kwalbar allura gaban fitila, ta juya ta, ta ajiye a hannun dama. Dama na lafiyayyu ne, hagu na masu aibi. Aikinta ke nan a kamfanin magunguna tun gashinta na baƙi wuluk: neman ɓarɓashin gilashi ko zare a cikin ruwan allura kafin ya kai jikin marar lafiya. Matan ɗakin dubawa ne suka laƙaba mata sunan, wai ko ƙura ce ta ɓuya a kwalba sai ta tona mata asiri.

Yau ɗakin cike yake da baƙi. Masu ba da tallafi sun zo da sharaɗi guda: za su zuba kuɗi a kafa na'ura mai kyamara, amma sai sun ga ta fi idon mutum. Aka cusa gurɓatattun kwalabe cikin lafiyayyu, tire ɗaya na na'ura, ɗaya na Mai Ido. In Mai Ido ta kama su duka, maganar tallafi ta bi ruwa, matan ɗakin su ci gaba da cin abincinsu. In ta kuskure, an rufe ɗakin ke nan.

"Yaya, mun san da nauyi," in ji wata abokiyar aikinta a kunnenta, "amma bakin 'ya'yanmu na hannunki. Ki kunyata mana ƙarfen nan."

A gefe ga injiniyar da ta ƙera na'urar, matashiya ce. Shekaru ta yi tana fama da abin nan. Ba ta kalli Mai Ido ba, Mai Ido ma ba ta kalle ta ba.

Kafin manajan kamfanin ya gyara zama, na'ura ta gama nata. Mai Ido kuwa ta ja lokaci, tana matso da kowace kwalba kusa da fuska har numfashinta na dusashe gilashin.

"Kun gani ko? Gwanaye ba sa gaggawa," in ji manaja yana dariya.

Da aka bincika, na'ura ba ta bar ko ɗaya ba. Daga hannun daman Mai Ido kuwa aka zaro gurɓatattu har huɗu.

Baƙi suka tafa. Mai Ido ko ba ta ji komai ba, ba kunya, ba baƙin ciki, kamar an yi mata allurar kashe zafi. Ta zare safar hannu, ta ninke farar riga, ta ajiye a kan kujera.

Matan suka tare ta a bakin ƙofa.

"Ke da ba ki taɓa kuskure ba, sai yau? Ai dama mun san inda zuciyarki take. Allah ya isa!"

Ta ratsa su ta wuce. Ta sauka matakala tana bin bango da hannu. A tasha ta tambayi wani bawan Allah ko motar da ta tsaya ita ce mai zuwa unguwarsu.

Da la'asar tana zaune a falo, aka turo ƙofa. Injiniyar ce. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta kifa kai a cinyarta tana kuka.

"Umma, me ya sa? Sai da na roƙe ki kada ki yi don ni. Na san kin gan su, kika ƙyale don a ba ni tallafin. Ga shi kin rasa aiki, kin rasa ƙawaye."

Mai Ido ta shafa kan 'yarta. Gara yarinyar ta ɗauka alheri aka yi mata. Hankalinta na can kan kwalaben da take ajiyewa a hannun dama tun bara da ganinta ya fara raguwa, waɗanda tuni suka shiga jijiyoyin mutane, don wallahi cikin huɗun nan ko ɗaya ba ta gani ba.