Tuwo Kafin Gaisuwa

Motar Damagaram na sauke Ɗanmalam a Tanut, abin da ya fara tambaya shi ne inda ake tuwon gida na ainihi. Daga Katsina ya tsallako, shekara uku da samun mulkin kai, don ya gaida iyayen budurwarsa Rahamatu, wadda ke zaune a Katsina gidan kawunta. Kun dai san ba a cin abinci gaban surukai, shi kuwa bawan Allah cikinsa ba shi da haƙuri.

Aka nuna masa wani zaure bayan kasuwa, inda wata dattijuwa ke sayar da tuwon gero da man shanu. Ya naɗe hannun riga, ya zauna kusa da wani tsoho, ya share akushi biyu, har da siɗe yatsu.

"Inna, ƙaro mini," in ji shi. "Gidan surukai za ni, can ko loma ba zan iya kai wa baki ba."

"Wane gida, ɗan nan?"

"Gidan Malam Barmo."

Dattijuwa ta ƙara masa miya a tsanake.

"To ci ka ƙoshi, ai ka iso." Sai ta dubi tsohon. "Malam, matsa wa surukinka, bai gama ba."