Filin da Abakar Ya Saya da Rani

Abakar ya daɗe yana sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road a Maiduguri, yana zaman haya a Bulabulin. Da rani wani dillali, Ajimi, ya nuna masa fili a bayan gari, busasshe, shimfiɗe kamar tabarma. Ya ce yana so.

'Yarsa Rumaisa'u tana aji biyar a sakandare. Malama Dorothy ta koya musu karanta layukan da ke nuna tudu da kwari a taswira, ta ba kowa taswirar gefen gari ya gwada a gida. Rumaisa'u ta lalubo inda filin yake, ta kawo wa mahaifinta.

"Baba, dubi layukan da suka zagaye wurin. Lambobinsu raguwa suke yi har tsakiya. Filin nan kwari ne, duk ruwan unguwar nan zai taru."

Abakar ya tsorata, amma ba don filin ba. "Taswira a gidana, a garin nan? In jami'an tsaro suka gan ta, me zan ce? Kuma wa ya gaya wa malamarku zan sayi fili?"

"Ba ta ma sani ba, Baba. Darasi ne."

"Darasi! Ni da na taka wurin da ƙafata, sai wannan saƙar gizo-gizo ta ƙaryata ni? Wani nata ke son filin, shi ne aka biyo ta kanki."

Abakar bai tambayi kowa ba sai Ajimi. Shi kuwa dariya ya yi. "Haba Alhaji, ina Maiduguri ta ga kwari? Ɗalibai kuma sun zama safiyo?"

Abakar ya cusa taswirar a murhu. Ya sayi filin, ya gina ɗaki uku, ɗaya na ajiyar kifi, suka tare.

A watan Agusta aka kwana biyu ana ruwa. Daga kowace kusurwa ya gangaro gidansa ya tsaya. Da hantsi katanga ta faɗo wa matarsa Zaratu, ƙafarta ta karye. Kwalayen banda suka jiƙe suka ruɓe. Wayar Ajimi a kashe.

A barandar asibiti, kansa a sunkuye, Abakar ya ce, "Rumaisa'u, malamar nan tana da wata taswirar?"

Iyaye, ido ba ya ganin kwari da rani. In ɗanka ya kawo abin da aka koya masa ba ka gane ba, je ka tambayi malamin kafin ka zarge shi.