Kilif Ɗin Motar Sha'aibu

Gwadabe bakanike ya waiga bai ga kowa ba, sai ya kwance kilif ɗin da ke riƙe da tiyon turbo a motar Sha'aibu, ya naɗa waya a madadinsa. Shi ya ƙara wa manyan motocin direbobi Sha'aibu da Maikuɗi turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, ya kuma san in tiyo ya fita a hawan tudun Milikin, mota mai lodi baya take komawa. Amma tun da aka dawo Inugu bayan yaƙin basasa, manyan motoci suka yi yawa, kilif mai kyau ya yi wuya.

Ya ɗaura shi a motar Maikuɗi, ya tamke. Ita za ta kai Zuliha, matar Gwadabe, Kano goyon ciki.

Da hantsi motocin biyu suka tashi daga kasuwar Ogbete. Aiki ya hana Gwadabe rakiya.

Bayan azahar Maikuɗi ya shigo garejin, rigarsa duk jar ƙasa.

"Motar Sha'aibu ta koma da baya a Milikin, ta faɗa kwari. Ba wanda ya fita."

Gwadabe ya ce, "Allah ya jiƙansu. Ina ka bar Zuliha?"

Maikuɗi ya sunkuyar da kai.

"Gaban motata ya cika, Malam Gwadabe. Sha'aibu ya ce mai ciki ba za ta hau kan lodi ba, ya ba ta wuri kusa da shi. Ita ma ta ce ba komai, ai duk kai ka ɗaure su."