Teburin Bakin Taga

Kwana uku da binne mai gyaran agogo, ƙanensa ya hau bene da kwali, takalmansa duk dusar ƙanƙara. A gaban matar marigayin ya fara kwashe hantsaki da 'yan sukundireba daga teburin bakin taga.

"Matar yaya, me za ki yi da su? Gara a ba wanda ya san sana'ar."

Shekara goma sha tara hannun mijinta yana rawa, garin kuwa bai daina yabon aikinsa ba.

"Ajiye su," ta ce. "Agogon da ke hannunka, sau biyu ni na kwance shi na haɗa, kana ƙasa kuna shan kofi da yayanka."