Kalangun Ƙarshen Fim

Sunaye suka gama wucewa, tambarin kamfanina ya bayyana a allon silimar Ibadan da sabon kiɗan kwamfuta. 'Yan kallo suka miƙe.

Baba ya riƙo bakin babbar rigata ta agbada. "Zauna, sarkin gaggawa! Ba a gama ba."

Shekararsa goma da makancewa. Da kalangunsa nake rufe kowane fim, bugu uku, da su yake gane aikin ɗansa ne. Watan jiya na cire, don Turawan da suka sayi fim ɗin sun ce kiɗan ya tsufa.

"Baba, ku tashi mu tafi."

"Ka ji kalanguna?"

"A'a."

"To, jira."

Masu shara suka shigo. Baba ya gyara zama, ya karkata kunne, yana murmushi. Ni ma na zauna.