Lambar Faifan Malam

Rashida ta sauka daga kabu-kabu a Shagari, jakar kwamfuta a kafaɗa, ranta a dagule. Tun da aka kori Mode daga Boɗinga ya dawo garin nan, ko sunan Shagari ba ta son ji.

Ba don komai ba sai faifan Malam. Malam mahaifinta ne, ya yi shekaru yana karatu da tafsiri a zaurensa, ita kuwa da ta yi ilimin kwamfuta tana naɗar muryarsa. Faifan ajiya na kwamfuta biyu ta haɗa suka zama rukuni guda, kamar a fasa bangon rumbu biyu a mai da su ɗaya, ta sa wa rukunin suna Karatu. Bayan sadakar arba'in ɗin Malam aka wayi gari babu su. Muryar ubanta kenan, kuma babu kwafi ko'ina.

Mutum biyu suka fi daɗewa gaban Malam: Mode, wanda Malam ya bar wa makarantar, da Yahaya mijinta. Yahaya ne ya share mata hawaye, shi ne kuma ya tuna wa dattawa a hankali cewa mabuɗin ɗakin da faifan suke na hannun Mode. Mode ya rantse har muryarsa ta dushe. Ina! Aka karɓe makaranta aka danƙa wa Yahaya, shi ma sai da aka yi ta lallashinsa.

Yau Malama Kaltume, mai Islamiyyar mata a Shagari, ita ta kira ta.

"Ɗiyata, wani bawan Allah ya aje muna wagga leda bakin ƙofa, wai sadaka," in ji Kaltume. "Mun rasa mi za mu yi da su."

Faifai biyu ne, an kankare takardun jikinsu tas. Rashida ta jona su da kwamfutarta. Rukuni ya fito da suna Ajiya. Ba nata ba ne, har ta fara tattara waya.

Sai dai suna riga ne, kowa na iya canza shi. Kowane faifai da kowane rukuni na da doguwar lambar shaida da na'ura ke ba shi ran da aka kafa shi, wadda canjin suna ba ya taɓawa. Nata lambobin suna nan cikin kwamfutarta. Ta buga umarnin da ke nuna lambar faifai, sannan na rukuni, ta bi su harafi bayan harafi. Ba inda suka saɓa.

Ta buɗe fayil guda. Muryar Malam ta cika ɗakin, har da ɗan tarin da yake yi kafin Bismillah. Rashida ta rushe da kuka.

Nan ta gane wautar ɓarawon. Ya iya sauya suna, amma almajirin Malam ne: hannunsa ba zai goge Alƙur'ani ba, ba zai jefa shi rijiya ba. Shi ya sa ya kawo sadaka.

"Mode, Allah ya isa!" ta ce. "A garin da kake zaune, ko kunya babu!"

Hujja take so ta kai wa dattawa. Rukuni yakan riƙe sunan na'urar da aka yi masa canji na ƙarshe da ita, abin da ba ta kai ga koya wa kowa ba cikin 'yan darussan da take yi a gida. Ta buɗe bayanan, tana cizon leɓe.

Sunan na'urar Mufida. Sunan ɗiyarsu ne, kuma ita da hannunta ta sa shi a kwamfutar da ta haɗa wa Yahaya ranar suna.