Jan Farce a Aljihun Maigida

Ta dangwarar da kwalbar jan farce a gaban mijinta.

"Na wace ce? A aljihunka na tsinta."

Ko cokali bai ajiye ba. "Na mota ne. In tsakuwa ta ɓare fenti, sai a goge wurin a ɗiga, kafin tsatsa ta ci."

"Sannu da dabara. Motarka fara ce."

"Ai ban ce tawa ba."

Ta leƙa taga. Ga sabuwar jar motarta, wadda ta hana shi ko taɓa makullinta, gabanta ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda.

"Sau ɗaya na ara," ya ce.

Ta zauna a hankali.

"Baban yara, da ma budurwar ka yi."